Dokar da ta bai wa jikoki damar buga wa ƙasar kakanninsu wasa

Ƙasar Tonga, can tsakiyar tekun Pasifik, mutanenta ba su wuce dubu ɗari da 'yan kai ba. Wata ƙaramar hukuma a Kano ta fi ta jama'a nesa ba kusa ba. Amma a 2019 'yan wasanta suka doke Ostireliya, zakarar duniya a ƙwallon zari-ruga mai 'yan wasa goma sha uku, da ci 16 da 12 a birnin Auckland na Niyu Zilan. Wannan abin mamaki daga wata doka ya samo asali, wadda hukumar wasan ta duniya ta yi wa kwaskwarima a 2016.

Ɗan wasa yana da damar wakiltar ƙasa idan a can aka haife shi, ko a can aka haifi mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ko ɗaya daga cikin kakanninsa. In babu ko ɗaya, sai ya zauna a ƙasar shekara 5. Batun kakanni shi ne ƙashin bayan zancen, domin mutanen tsibiran Pasifik irin su Tonga da Samowa sun daɗe suna ƙaura zuwa Niyu Zilan da Ostireliya neman abinci, 'ya'yansu da jikokinsu kuwa su suka cika manyan kulob-kulob na Sydney da Brisbane.

A da, wanda ya zaɓi ƙaramar ƙasa kamar ya rufe wa kansa ƙofa ne, sai ya jira tsawon lokaci kafin ya sauya. Kuɗi da suna kuma suna wajen manya, don haka tsibiran sai su tashi da ragowa. Gyaran 2016 ya kasa ƙasashe aji-aji. Ostireliya da Niyu Zilan da Ingila su ne aji na farko, sauran duka suna ƙasa da su. Sai aka ce ɗan wasan da ya cancanci ƙasa biyu yana iya riƙe babba guda da ƙarama guda, ya buga wa wannan, daga baya ya koma waccan, ya sake dawowa in ya so. Abin da ba a yarda ba a lokacin shi ne ya sauya riga a tsakiyar gasa. Mai bin ƙwallon ƙafa zai tuna Ademola Lookman, wanda ya bar Ingila ya dawo Najeriya, sai dai a wajen FIFA in ka sauya ka sauya ke nan. Nan kuwa ƙofar a buɗe take ta ɓangare biyu.

Masu dokar sun zaci waɗanda manya suka ƙi ɗauka ne za su gangara. Jason Taumalolo, haifaffen Auckland kuma tauraron Niyu Zilan, ya juya lissafin gab da gasar cin kofin duniya ta 2017, ya ce Tonga zai buga wa. Andrew Fifita, da har Ostireliya ta saka sunansa, ya bi shi. Tonga ta doke Niyu Zilan 28 da 22, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, Ingila ta fitar da ita da ƙyar, 20 da 18. A gasar cin kofin duniya da aka buga a 2022 Samowa ta wuce nan, ta cire Ingila 27 da 26 a Landan, ta kai wasan ƙarshe.

Daga nan ne gasar ƙasashen Pasifik da aka fara a 2023 ta samu armashi, har Tonga ta kai wasan ƙarshe a 2024, Ostireliya ta doke ta 20 da 14.

Masu suka na cewa ƙasa ba riga ba ce da za a cire a sa wata. Ni dai ban ga laifin jika ya ɗauki tutar kakarsa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, dokar ta gina tawaga amma ba ta gina fili ba: mafi yawan 'yan wasan a Sydney da Auckland suka tashi, kuma manyan wasannin Tonga da Samowa ma a can ake buga su, ba a manyan biranensu, Nuku'alofa ko Apia, ba.