Kwaɗon nan mai shan shayi ba katun ba ne

Duk mai WhatsApp a Kaduna ya san koren kwaɗon nan da ake turawa yana kurɓar shayi in ana habaici. Ranar nan a teburin mai shayi a Unguwar Rimi na ji matasa na rantsuwa wai katun ne da aka zana da kwamfuta. Ko alama.

Sunansa Kermit, 'yar tsana ce ta yadi. Mutum ne ke zura hannunsa a ciki yana motsa bakin, ɗaya hannun kuma yana juya hannayen kwaɗon da siraran sanduna. Wani mai wasan 'yar tsana, Jim Henson, ya ɗinka shi a 1955 don shirin talabijin na Sam and Friends a Washinton, Amurka, da tsohuwar kwat ɗin mahaifiyarsa. Idanun ma ƙwallon tebur ce aka raba biyu.

Abin da ya fi ba ni dariya, da farko ko kwaɗo bai zama ba, ya fi kama da ƙadangare. Sai daga baya aka tabbatar masa da kwaɗontakarsa. Masu cewa shirin yara na talabijin Sesame Street ne ya haife shi ma sun yi kuskure, don shirin a 1969 ya fara, lokacin Kermit na da shekara 14.