Tsohuwa Mai Jikoki Ɗari: Yadda Matan Menonait Ke Tsufa

Su wane ne 'yan Menonait?

Kiristoci ne da tushensu ya faro a birnin Zurich na Suwizalan a 1525, lokacin da suka ce ba za a yi wa jariri baftisma ba sai ya mallaki hankalinsa ya zaɓa da kansa. Sun ci sunan Menno Simons, limamin Katolika daga Holan da ya koma cikinsu a 1536. Ba sa ɗaukar makami. Tsangwama ta kori wasu zuwa Pensilbaniya ta Amurka a 1683, wasu kuma suka amsa gayyatar Sarauniya Katarina ta Rasha, suka kafa matsugunin Chortitza a Yukiren a 1789.

Da gaske mace ɗaya kan bar zuriya sama da ɗari?

Ƙwarai, amma a wajen masu riƙo da tsohuwar al'ada, waɗanda har yau keken doki suke hawa. Yarinya kan gama makaranta a aji takwas, ta yi aure bayan ta haura ashirin kaɗan, kuma yawanci ba ruwansu da tsarin iyali. A ce ta haifi tara, kowanne ya haifi bakwai: jikoki 63 ke nan, ba a ma zo kan tattaɓa-kunne ba. Duk daga ɗaki ɗaya fa, don ba kishiya a tsarinsu. Shi ya sa sanarwar rasuwar tsohuwa a jaridar The Budget, wadda ake bugawa a jihar Ohio ta Amurka tun 1890, takan zo da lissafin 'ya'ya da jikoki reras.

Idan ƙarfi ya ƙare, ina take komawa?

Ba ta barin gonar. Akan gina ɗan ƙaramin sashe a jikin babban gida, iyaye su koma can, su bar wa ɗa guda gida da gona, galibi auta. Tana nan da farar hularta da rigarta mara ado, tana ɓare wake, tana dafa 'ya'yan itatuwa ta zuba a kwalba don lokacin sanyi, tana ɗinka bargo da ƙyallayen tsofaffin riguna, jikoki na kai da komo. Da yawansu ba sa yin inshora. In asibiti ya kama, dangi da jama'ar coci ke haɗa kuɗin.

Dukkansu haka suka tsufa cikin kwanciyar hankali?

Ina! Wadda aka haifa a Yukiren wajen 1925 ta ga tashin hankali. A 1937 da 1938 jami'an Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, suka kwashe maza da dama, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan Menonait kimanin 35,000 suka bi sojojin Jamus zuwa yamma, akasarinsu mata, yara da tsofaffi. An mayar da da yawa Tarayyar Sobiyet da ƙarfin tsiya. Waɗanda suka tsira suka nufi Kanada ko Faragwai, inda a Neuland, da aka kafa a 1947, zawarawa suka sare daji suka yi gini da hannunsu. Irin wannan tsohuwa, zuriyarta a warwatse take: wasu a Manitoba ta Kanada, wasu a Jamus, wasu a Kazakistan.

Ana cewa suna da tsawon rai. To mene ne sirrin?

A ganina mutane na zuzuta maganar. Aikin jiki, abincin lambu da rashin zaman kaɗaici duk suna taimakawa, amma su ma suna fama da cututtukan gado saboda yawan aure tsakanin dangi. Don haka ne aka buɗe asibiti na musamman a Strasburg ta Pensilbaniya domin yaran Menonait da na Amish, 'yan uwansu a aƙida, masu irin waɗannan cututtuka.