Fiya-fiya: haɗarin daikulobos ga mai aiki da shi

Daikulobos, wanda ake rubutawa DDVP a jikin kwalba, guba ce ta kashe ƙwari daga dangin magungunan da masana ke kira oganofosfet. A kasuwannin Sakkwato ba kasafai ake jin wannan suna ba. Fiya-fiya ake ce masa, ko a kira shi da sunan da aka fi sayar da shi, wato Sniper. Ruwa ne marar launi ko mai ɗan fatsi-fatsi, kuma babban halinsa shi ne saurin tashi ya bi iska. Wannan hali ne ke sa ya kashe kyankyaso da kuɗin cizo da ƙwaron wake a lungun da feshi bai kai ba, shi ne kuma ke kai shi huhun mai aiki tun bai ankara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a aji na Ib, ajin masu haɗari ƙwarai, waɗanda ake yi wa jan layi a ƙasan takardar kwalba tare da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa.

Asali

Dangin oganofosfet sun samo tushe a Jamus. Wani masanin haɗa sinadarai, Gerhard Schrader na kamfanin IG Farben, yana neman maganin ƙwari ne ya ci karo da tabun a 1936, sannan sarin a 1938, waɗanda suka zama makaman guba na yaƙi. Daikulobos ya shiga kasuwa a 1961. Ƙarfinsa bai kai na waɗancan ba ko kusa, amma hanyar da yake bi a jiki ɗaya ce da tasu. 'Yan'uwansa da manoma suka sani sun haɗa da kulofirifos da daimetowet da malatiyon da dayazinon, kuma abin da aka faɗa a nan ya shafe su duka.

Yadda yake aiki a jiki

Idan jijiya za ta ba tsoka ko wata gaɓa umarni, tana sakin wani sinadari mai suna asetilkolin. Da saƙo ya isa, sai wani sinadarin, kolinestares, ya rushe shi nan take don tsokar ta huta. Daikulobos yana manne wa kolinestares ya hana shi aiki. Daga nan umarni ya yi ta zuwa babu tsayawa, kamar famfon da kansa ya ɓalle.

Shi ya sa alamomin gubar kusan duka na zubar ruwa ne da na motsin da ba a so. Yawu ya cika baki, hawaye da majina su yi ta zuba, gumi ya jiƙe riga. Ƙwayar ido ta tsuke ta zama kamar kan allura, mutum ya riƙa gani dishi-dishi. Ciki ya murɗa, amai da zawo su biyo baya. Tsokar fuska ko ta cinya ta riƙa ɓal-ɓal a ƙarƙashin fata. Idan abin ya yi nisa, ƙirji ya cika da majina, tsokar numfashi ta gaza, wani har da jijjiga da suma. Gazawar numfashi ce ke kisa a mafi yawan lokuta.

Wanda ya sha da yawa ba a ɓata lokaci wajen gane shi. Mai aiki ne ake yawan kuskurewa, domin tasa gubar da kaɗan-kaɗan take shiga. Ya dawo daga fadama da ciwon kai da jiri da kasala, sai a ce rana ce ta buge shi, ko a saya masa maganin zazzaɓin cizon sauro. Akwai bambancin da kowa zai iya dubawa: wanda zafi ya galabaitar bakinsa bushewa yake yi, ƙwayar idonsa ba ta tsukewa, wanda fiya-fiya ya kama bakinsa cike yake da yawu, idonsa na hawaye. Kolinestares na jajayen ƙwayoyin jini kuma ba ya komawa daidai da wuri, yakan ɗauki makonni. Mai feshin ƙwadago da ke tashi daga wannan gona zuwa waccan kullum yana ƙara sabon bashi a kan wanda bai biya ba, har ranar da ɗan abin da ya saba shaƙa zai kayar da shi.

Game da ciwon daji, cibiyar binciken cutar ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa daikulobos a rukuni na 2B a 1991, rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa shi.

Inda ake haɗuwa da shi a Sakkwato

Wuri na farko shi ne noman rani a fadamun gulbin Rima da na Sakkwato, daga Kwalkwalawa da Kware har Wurno da Goronyo, inda ake albasa da tafarnuwa da tumatir da tattasai. Lokaci mafi haɗari a wannan aiki shi ne na haɗa magani, kafin a ɗaga injin feshi. A lokacin ne gubar take gundarinta. Kwalbar da aka rubuta wa 1000 EC tana ɗauke da giram 1000 na daikulobos a kowace lita. Dubi yadda ake yi a bakin rijiyar lambu: mutum ya tsuguna, ya auna da murfin kwalba, ɗigo biyu su gangaro a yatsunsa, ya goge a wando. Ya cika tanki da ruwa, ya saɓa a baya. Idan murfin tankin ya saki, maganin zai yi ta tsiyaya a gadon bayansa yana gangarawa ƙugu har a gama kadada. Idan kan bututu ya toshe, sai ya sa baki ya hura.

Fata ba katanga ba ce ga wannan guba, kuma ba ko'ina take shanyewa daidai ba. Gwajin da aka yi da faratiyon, wani ɗan dangin, ya nuna goshi da fatar kai suna shanye kusan ninki huɗu na abin da damtsen hannu ke shanyewa, al'aura kuwa fiye da ninki goma. Don haka share gumi da bayan hannu, da kewayawa fitsari ba a wanke hannu ba, ba ƙananan abubuwa ba ne.

Sai batun zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40. Zafi na ƙara wa daikulobos saurin tashi, fata mai gumi ta fi saurin shanye shi, kuma zafin ne ke sa mai feshi ya tuɓe ɗan abin kariyar da yake da shi. Duk shawarar da ba ta yi la'akari da bazarar wannan ƙasa ba, a takarda za ta tsaya.

Wuri na biyu, wanda ya fi na farko muni ta fuskar numfashi, shi ne rufaffen ɗaki. Siton hatsi da wake a Kasuwar Kara ko Illela, shagon mai sayar da maganin mai rufin kwano da ƙofa ɗaya, ɗakin kwana da aka yi wa feshin kuɗin cizo. A fili iska na kwashe tururin, a ɗaki kuwa taruwa yake yi. Ɗan dako da ya fara shiga sito da safe bayan an yayyafa magani an kulle da dare, shi ke shaƙar mafi yawa, alhali bai taɓa kwalbar ba. Haka yaron shago da ke ɗura shi a ƙananan kwalabe, galibi a gauraye da kananzir, ya wuni a ciki har ya ci abinci a wurin. A Amurka dokar kare ma'aikata ta ƙayyade kada iskar wurin aiki ta wuce miligiram 1 a kowace mita kubik, wato iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, a aikin awa 8, abin da ke nuna ƙanƙantar adadin da ake tsoro.

Doka

A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar daikulobos da ta wuce miligiram 0.01 a kilo, iyakar da ta yarda da ita. A 2019 hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya, ta hana sayar da ƙananan kwalabe na mililita 100 zuwa ƙasa, bayan yawaitar amfani da shi a gidaje da kuma masu shan sa don halaka kansu, ta bar manyan mazubai ga dillalan kayan gona masu rajista. Hukumar ta sha gargaɗi a kan zuba shi a wake da busasshen kifi. Ga mai ajiyar wake akwai hanyar da ba ta buƙatar guba sam: buhun PICS mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska.

Kariya a wurin aiki

Safar hannu ita ce ta farko, kuma ta roba mai kauri irin ta naitiril ake nufi, mai kaiwa gwiwar hannu. Ta yadi ko ta fata jiƙewa take yi ta riƙe gubar a jikin mutum, gara babu da ita. Sai takalmin roba, a saki ƙafar wando a kansa, da riga mai dogon hannu, da hula, da tabarau mai rufe gefen ido. Ledar buhu da aka yanka aka rataya a baya tana raba fata da tankin da ke yoyo, ko da yake gyaran tankin shi ne magani. Rawani ko ƙyalle ko takunkumin asibiti ba sa tare tururin daikulobos. Abin da ke tare shi takunkumi ne mai gwangwanin gawayi na tace iska. Wanda ba shi da irinsa bai kamata ya yi feshi a rufaffen ɗaki ba, kuma nauyin samar da shi yana kan mai gona ko mai sito da ya ɗauki mutum aiki.

A haɗa magani a fili, da mazubin awo da sandar motsawa da ba a komai da su sai wannan. A yi feshi da sanyin safiya ko bayan la'asar, iska na bayan mai feshi, a fasa idan iskar hunturu ta taso. Kada a ci goro, kada a sha taba ko fura, sai an wanke hannu da fuska da sabulu. Wannan ya haɗa da alwala. Mai feshi yakan ajiye inji idan an kira azahar, ya ɗauki buta, ya kurkure baki ya shaƙa ruwa da hannun da ya auna magani. Wanka da sabulu da canja tufafi su zo kafin alwala. Kayan aikin kuma a wanke su daban, kada a miƙa wa iyali su haɗa da na yara.

Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, ana juye ruwan a tankin feshi, sannan a huda ta don kada wani ya zuba mai ko ruwa. Kada a wanke inji a gulbi ko tafki, domin daikulobos na kashe kifi, yana kuma kashe ƙudan zuma. A ajiye shi a kwalbarsa ta asali, a kulle, nesa da hatsi. Gorar lemo ko ta ruwa ita ce ke kai shi bakin yaro. Ɗakin da aka fesa a buɗe ƙofa da tagogi iska ta ratsa, a jira lokacin da takardar kwalba ta faɗa kafin kowa ya shiga. Mai ciki da mai shayarwa da yaro da mai asma ba su da aiki a wurin. Inda ma'aikata ke da yawa, ana auna kolinestares na jininsu kafin fara aiki, a riƙa maimaitawa, a janye wanda nasa ya faɗi ko da bai ji komai ba.

Idan gubar ta kama mutum

A fitar da shi iska, mai taimako ya kare hannunsa. A tuɓe masa kayan da suka jiƙe, a wanke fata da gashi da ruwa mai yawa da sabulu, ido kuma a yi ta kwarara masa ruwa minti 15. Idan ba ya cikin hayyacinsa a kwantar da shi a gefe, kai ƙasa-ƙasa, don yawu ya fita. Kada a sa shi amai, domin man da aka narka gubar a ciki na iya faɗawa huhu. Kada a ɗura masa madara ko manja. Ba sa karya wannan guba, sai ɓata lokaci da haɗarin shaƙewa. A tafi asibiti da kwalbar a ƙulle cikin leda. A birnin Sakkwato akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru, amma mafi kusa shi ne na farkon zuwa.

Likita zai ba da iskar numfashi da allurar atirofin, yana ƙarawa har ƙirji ya bushe. Wani lokaci a haɗa da firalidoksim, wanda ke ɓamɓare gubar daga kolinestares, amma ga daikulobos damarsa 'yan awoyi ce kafin mannewar ta kafu. Ko majinyaci ya farfaɗo, ba a gaggawar komawa gida da shi: tsakanin awa 24 zuwa 96 wasu kan sami rauni a tsokar wuya da ta numfashi, su kasa ɗaga kai daga matashi, kuma a wannan hali sai da na'urar taya numfashi.