Kifin Guangzhou: wanda za a ci da wanda za a bari

Duk wanda yake zuwa saro kaya Guangzhou ya san wahalar abinci a can. Yawancin mutanenmu kan tsaya a gidajen abincin halal na unguwar Xiaobei, amma idan hulɗa ta yi nisa, wata rana mai masana'anta zai gayyace ka cin abinci, wani lokaci ma a gidansa. Saboda wannan rana nake jan hankalinku, Alhazai da Hajiyoyi.

Girkin gida na mutanen lardin Guangdong, inda Guangzhou take, yana cikin masu kyau ga jiki. Farar shinkafa ce, da ganyen da aka tsoma a tafasasshen ruwa aka tsame tun yana kore shar, da romon da ya yi awanni a ƙaramar wuta, sai kifi. Kifin nan sukutum ake ɗora shi a faranti, a watsa masa siraran yankan ɗanyar citta, a turara shi kamar minti goma, yadda ake turara dambu a madambaci. Idan an sauke a barbaɗa lawashin albasa, a zuba cokali ɗaya na mai mai zafi ya yi cuu, sannan ɗan ruwan waken soya mai gishiri. Ba suya, ba maiƙo. A matsayina na ma'aikacin lafiya, da ma masu ciwon suga da masu ƙiba za su koyi wannan girki. Mai hawan jini dai ya rage ruwan waken, gishirinsa da yawa.

Inda nake so ku yi hattara shi ne ɗanyen kifi. A Shunde, kusa da Guangzhou, abin alfaharinsu ne su yanka kifin tafki siri-siri har ana hango farantin ta cikinsa, a juya shi da man gyaɗa da riɗi da citta, a ci haka nan. Karramawa ce babba ga baƙo. Sai dai a cikin tsokar irin wannan kifi akwai ƙwayoyin wata tsutsar hanta, Clonorchis sinensis, waɗanda ido ba ya gani. Idan ta shiga jiki sai ta tare a magudanar matsarmama, tana iya yin shekara 20 ko fiye, mutum bai san da ita ba. Daga baya a ga ciwon ciki ta gefen dama, ko shawara, wasu har sankarar magudanar. A 2009 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan tsutsa a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara. Za a ce muku ruwan tsami ko yaji na kashe ta. Ba sa kashewa, wuta ce maganinta. Ku yi godiya, ku nemi a dafa muku.

Na biyu shi ne kifinsu mai gishiri, wanda ake bari ya ɗan ruɓe kafin ya bushe. Da can da shi ake haɗa wa yara kunun shinkafa lokacin yaye. Sankarar bayan hanci ta yi yawa a yankin har ake kiran ta da sunan yankin, kuma tun shekarun 1970 likitan Hong Kong John Ho ya danganta ta da wannan kifi, musamman ga wanda ya fara ci tun yana jariri. Wannan kifi ma yana rukunin farko. Hukuncin ya shafi irin nasu ne, ba kifin bandarmu ba. Masu zama da iyali a can, kada ku bari a sa wa yaro shi a kunu. Kuma sau da yawa da niƙaƙƙen naman alade ake turara shi, don haka ku tambayi abin da ke cikin faranti.

Wanda ya riga ya ci ɗanyen kifi a can, ko da shekarun baya ne, ya je asibiti ya faɗa wa likita ƙarara, a yi masa gwajin bayan gida. Akwai maganin praziquantel da ke kashe tsutsar, amma likita ne zai auna masa adadin da zai sha.