Tsadar jinyar dabba: inda kuɗin yake tafiya, da wanda ya kamata a kira

Ƙorafin da ma'aikatan lafiyar dabbobi suka fi ji a kasuwannin jihar Bauchi, daga Mararrabar Liman Katagum zuwa Soro da Alkaleri, shi ne magani ya yi tsada, har ta kai mai tunkiya yana lissafin ko jinyarta ba za ta cinye kuɗinta ba. Ƙorafin yana da tushe. Yawancin magungunan dabbobi, ko sinadaran da ake haɗa su da su, daga waje ake shigo da su, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur, farashin kowace kwalba ya tashi, haka ma kuɗin man babur ɗin da zai kai ma'aikaci ruga. Sai dai akwai kaso mai yawa na tsadar da jinkiri ne yake jawo shi, kuma wannan kason a hannun mai dabba yake.

Ga yadda abin yakan faru. Akuya ta wayi gari da majina da zawo, ta ƙi cin dusa. Sai a aiki yaro ya sayo kafso ja da rawaya a jiƙa mata a ruwa, ko a nemo allura wurin mai shimfiɗa magani a tabarma ranar kasuwa, maganin da ya yini a rana kuma babu wanda ya duba ranar da wa'adinsa zai ƙare. Ana yin allurar da ka, ba tare da la'akari da nauyin dabbar ba, alhali da nauyi ake auna magani. Ba a neman ma'aikaci sai akuyar ta kwanta ta kasa tashi, lokacin da take buƙatar ƙarin ruwa da zuwa sau da yawa, kuma ta riga ta shafa wa sauran garken. Daga nan sai a kira mahauci ya saya a wulaƙance. An biya kuɗi sau biyu, an kuma rasa dabbar, sannan naman da ke ɗauke da ragowar magani ya shiga tukunyar jama'a, domin kowane maganin ƙwayoyin cuta yana da kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbarsa waɗanda ba a yanka dabba ko a sha nononta sai sun cika.

Wannan annoba ta awaki da tumaki mai zuwa da mura da zawo ƙwayar bairos ce ke kawo ta, don haka kafso ba ya kashe ta, amma allurar rigakafinta guda ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara 3. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa wannan rigakafi, da na ciwon huhun shanu, da na harbin daji, da na ciwon saifa. Dattawan makiyaya ba su manta da ɓarnar da bushiya ta yi wa shanu a farkon shekarun 1980 ba, kuma da rigakafi aka yi ta bin ta har aka ayyana kawar da ita daga duniya a 2011. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kwalbar rigakafi ɗaya ta dabbobi masu yawa ce, a cikin ƙanƙara ake ɗauko ta, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta dole a ƙarar da ita cikin ɗan lokaci. Mai awaki uku da ya kira ma'aikaci shi kaɗai zai ɗauki nauyin kwalbar da na tafiyar duka, amma idan mai unguwa ya sa rana aka tara dabbobin unguwa, har da na iyayenmu mata da ke kiwo a cikin gida, kuɗin da zai hau kan kowa ba zai taka kara ya karya ba. Masu karnukan gadi da na farauta su ma su riƙa yi musu allurar haukan kare kowace shekara, domin ta fi arha nesa ba kusa ba a kan jerin alluran da ake yi wa mutumin da kare ya ciza.

A Ingila da Amurka mutane suna biyan inshora wata-wata domin jinyar kare ko kyanwa. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne inshorar kiwo, wadda hukumar inshorar noma ta ƙasa, NAIC, take gudanarwa a ƙarƙashin shirin inshorar noma da gwamnatin tarayya ta fara a 1987, kuma a tsarin shirin gwamnati ce ke ɗaukar har rabin kuɗin da manomi zai biya. Ya kamata a fahimci cewa irin wannan inshora diyyar mutuwar dabba take biya, ba kuɗin maganin tsutsa ko na kaska ba, kuma tana da sharuɗɗa: a duba lafiyar dabbar kafin a karɓe ta, a nuna shaidar rigakafi, a kuma kai rahoto da wuri idan ta mutu domin likita ya tabbatar da sanadin. Wanda ya yanka ya raba nama kafin ya sanar, da wuya ya sami komai. A ganina ta fi amfanar mai turkar shanu da kuɗin bashi da mai gonar kaji. Wanda yake da shakka ta fuskar addini yana iya tambayar kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, mai awaki biyar kuwa asusun da ƙungiyarsu za ta riƙa zuba wa wani abu duk ranar kasuwa zai fi yi masa rana.

Naman daji kuma hukuncinsa daban ne. Mazauna ƙauyukan da ke kewaye da Yankari, dajin da ya haura murabba'in kilomita 2,200, da na kusa da gandun dajin Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, sukan ci karo da gada ko gwanki da tarkon waya ya yanke wa ƙafa, wani lokaci tausayi ya sa a ɗaure shi a kawo gida. Jinyar irin wannan dabba ta fi ƙarfin mutum ɗaya, domin sai an harbe ta da allurar barci daga nesa, da maganin da ba a sayarwa a kasuwa, kuma firgitar kamu da kokawa kaɗai tana iya kashe barewa ko da raunin nata ƙarami ne. Ɗan gadar da aka gani kwance shi kaɗai a cikin ciyawa galibi ba maraya ba ne, uwar ce ta ɓoye shi ta tafi kiwo.

Akwai kuma haɗari ga mai taimakon. Dila ko yanyawar da ta daina gudun mutane tana iya kasancewa da ciwon hauka, cutar da kusan ba a tsira daga gare ta idan alamunta suka bayyana. Duk wanda irin wannan dabba ta ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar. Mushen da jini ke fita ta hancinsa ko duburarsa kada a feɗe shi, domin alamar ciwon saifa ce, wanda ya ɓulla a Suleja a 2023 kuma yana kama mutane. Idan tsuntsu ne ya karye a fiffike, a rufe shi da zane, a sa shi a kwali mai huji a wuri mai inuwa, kada a ɗura masa ruwa. Babbar dabba kuwa a ja da baya, a hana yara da karnuka matsawa, a lura da wurin sosai, a sanar da ma'aikatan gandun daji ko ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma ta hannun mai unguwa. Dokar kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka ƙara wa tsanani a 2016, ta hana kamawa ko sayar da ire-irensu ba tare da izini ba, saboda haka ajiye ɗan biri ko ungulu a gida da sunan jinya yana iya kai mutum gaban kotu.