Waiwaye: Daga Ina Rashin Yarda Tsakanin Batman da Abokansa Ya Faro?

A majalisun ataya na Nima da Mamobi, idan hirar ƙwallo ta lafa, akwai gardamar da samari ba sa gajiya da ita: wa zai kayar da wa a cikin jaruman zane na Amurka. Kusan kullum wuri ɗaya take tsayawa. Wani zai ce a ba Batman lokacin shiri kawai, ko Superman sai ya sha ƙasa. Da alfahari ake faɗin haka, kamar kirari. Yaran da ke yawo da rigunan gwanjo na Kantamanto masu tambarin jemage sun haddace maganar, don sun sha ganinta a guntayen bidiyo na TikTok da YouTube. Abin da guntayen ba sa nunawa shi ne cewa labarin da ya haifi kirarin, labarin cin amana ne, kuma a ƙarshensa abokan Batman zama suka yi suna kaɗa ƙuri'ar korarsa.

Da fari babu wannan tsama ko kaɗan. Batman ya fara bayyana a 1939, a fitowa ta 27 ta mujallar Detective Comics, daga hannun Bob Kane da Bill Finger, shekara guda bayan Superman. A 1952 aka haɗa su a wani labari mai sauƙin kai: jirgin ruwa ya cika, aka saka Bruce Wayne (wato Batman) da Clark Kent (wato Superman) a ɗaki ɗaya, gobara ta tashi a bakin tashar, kowa ya lallaɓa cikin duhu yana sauya kaya, sai hasken wutar ya shigo ta tagar jirgin ya tona asirinsu gaba ɗaya. Nan take suka yi alkawarin rufa wa juna asiri. Daga 1954 mujallar World's Finest ta riƙa kawo su tare a matsayin aminai, har zuwa 1986 da aka rufe ta. Da aka kafa ƙungiyar Justice League a 1960, su bakwai, da Wonder Woman da Flash da Green Lantern da Aquaman da Martian Manhunter, haka ladabin ya ci gaba. A labaran farko da wuya mai karatu ya bambance maganar wannan da ta wancan.

Wannan ladabi yana da dalili. A 1954 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya zauna a kan zargin cewa mujallun zane suna lalata tarbiyyar yara. Kamfanonin suka tsorata, suka kafa wa kansu hukumar tacewa, wadda ta shar'anta cewa dole alheri ya rinjayi sharri a kowane labari, kuma ba a zubar da mutuncin 'yan sanda ko alƙalai. Jarumin da ke zargin ɗan'uwansa bai dace da wannan yanayi ba. Kamfanin Marvel ne ya fara ɓalle ƙofar a 1961 da Fantastic Four na Stan Lee da Jack Kirby, iyali masu yawan cacar baki. A 1963 kuma Hulk ya fice daga ƙungiyar Avengers tun a fitowa ta 2, bayan ya gane yadda sauran suke ƙyamarsa. Masu karatu suka so hakan, kamfanin DC mai buga Batman da Superman ya lura, ko da yake ya daɗe kafin ya bi sahu da manyan jarumansa.

Tsagewar farko ta fito fili a 1983. An kama Lucius Fox, na hannun daman Bruce Wayne a harkar kasuwanci, a wata ƙasar almara mai suna Markovia da ke cikin yaƙin basasa. Batman ya nemi ƙungiya ta je ceto, Superman ya ce ya riga ya yi wa gwamnatin Amurka alkawarin ba za su sa hannu ba. Batman ya ajiye muƙaminsa ya tafi ya haɗa tasa rundunar, wato Outsiders. A nan shi ne mai ƙorafi, kuma da yawan masu karatu sun ba shi gaskiya.

Shekarar 1986 ce ta juya komai. Frank Miller ya fitar da The Dark Knight Returns, inda Batman ya tsufa, Superman ya zama ɗan aiken fadar shugaban ƙasa, suka gwabza a lungun da aka kashe iyayen Bruce. A shekarar dai John Byrne ya sake rubuta haɗuwarsu ta farko, ya share labarin jirgin ruwa. A sabon labarin Superman ya zo kama Batman ne, don yana ganinsa mai laifi mai ɗaukar doka a hannu. Batman ya gargaɗe shi cewa in ya taɓa shi wani bam zai tashi ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba. Sai bayan sun gama aikin ya nuna masa cewa bam ɗin a jikin ɗamararsa yake, shi kansa ne zai mutu. Daga nan aka dasa halin da muka san shi da shi yau: mutumin da ke faɗin rabin gaskiya ga abokin aiki don ya juya shi yadda yake so.

Akwai wani labari na 1990 da nake ganin ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi ne aka fi mantawa da shi a gardamar majalisa. Lex Luthor, babban maƙiyin Superman, yana da zobe na kiriftonait, dutsen nan kore da ke karya ƙarfin Superman. Da zoben ya faɗo hannun jaruman, Superman da kansa ya kai wa Batman ya ce ya ajiye, saboda ranar da wani zai mallake hankalinsa ya juya shi a kan mutane. Wato mai ƙarfin ne ya zaɓi wanda zai taka masa birki. An ga amfanin zoben a 2003, a labarin Hush, lokacin da muguwa Poison Ivy ta mallake Superman. Babu wanda ya zargi Batman a kan haka, domin da izini ya riƙe makamin.

Sai aka zo 2000, marubuci Mark Waid da mai zane Howard Porter suka kawo Tower of Babel, wato Hasumiyar Babila, a mujallar JLA ta ƙungiyar Justice League, fitowa ta 43 zuwa ta 46. Ra's al Ghul, tsohon maƙiyin Batman, ya tono gawarwakin iyayen Bruce ya gudu da su don ya ɗauke masa hankali, ya kunna wata na'ura da ke rikita ƙwaƙwalwar ɗan'adam har mutane suka kasa karanta rubutu, daga baya suka kasa fahimtar maganar juna. Kafin jaruman su yunƙura, aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Martian Manhunter, wanda wuta ce rauninsa, aka sa fatarsa ta riƙa kamawa da wuta da zarar iska ta taɓa ta. Aquaman, da ba ya rayuwa sai da ruwa, aka cusa masa tsoron ruwa, yana bushewa yana gudun abin da zai cece shi. Plastic Man aka daskarar da shi aka farfasa. Green Lantern ya farka a makance. Wonder Woman aka jefa hankalinta cikin yaƙin da ba ya ƙarewa da abokiyar gaba daidai ƙarfinta, don an san ba za ta taɓa miƙa wuya ba har zuciyarta ta tsaya. Flash aka harbe shi da harsashin da ya sa shi farfaɗiya cikin saurin haske. Superman kuwa jan kiriftonait aka sa masa, fatarsa ta zama garau, hasken rana ya riƙa shigarsa fiye da kima yana azabtar da shi.

Duk waɗannan dabaru na Batman ne. Shi ya zauna shekara da shekaru yana nazarin abokansa, yana rubuta raunin kowa, ya adana a kwamfutarsa, Talia 'yar Ra's ta sace. A sake duba jerin da kyau. Yawancinsu ba maƙiyi na nesa ne zai iya tsara su ba. Sai wanda ya zauna da kai, ya san abin da kake tsoro, ya san taurin kanka, ya ji abin da ka faɗa lokacin da ka saki jiki. Abotar ce ya mayar kayan aiki.

Da ƙura ta lafa aka zauna ƙuri'a. Wonder Woman da Aquaman da Plastic Man suka ce a kore shi. Flash da Green Lantern da Martian Manhunter suka ce ya zauna. Saura Superman. Da suka leƙa ɗakin da Batman ke jira, sai suka tarar ya riga ya tafi, don ya san inda aminin nasa zai karkata.

Hujjar Batman ba ta banza ba ce, kuma ban yarda da masu watsar da ita ba. A duniyarsu an sha mallake hankalin jarumai, an sha musanya musu jiki, kuma shi kaɗai ne a cikinsu mutum zalla, ba ya tashi sama, harsashi yana huda shi. Kwanaki wani ɗan yayata da ke makarantar sakandare ya tare ni da ita. "Kawu, in da bai shirya ba, wa zai tsayar da su ranar da suka haukace?" Na ce masa, "Yaro, shirin ba laifi ba ne. Me ya hana shi gaya musu?" A gidajen haya na zango kowa ya san bambancin. Ka ba maƙwabcinka makullin ɗakinka za ka tafi Kumasi, ko da gobara ko ruwa zai shiga, wannan amana ce. Shi ya ɗauki makullin a ɓoye ya kai wa mai yanka makulli a bakin titi, ko da niyyarsa ta alheri ce, ranar da ɓarawo ya same shi a aljihunsa babu bakin da zai yi maka bayani. Waid ya fahimci haka, shi ya sa sulhun da ya rubuta a fitowa ta 50 bai zo ta hanyar ƙona takardun ba. Batman ya cire abin rufe fuska ne a gabansu, ya ba su nasa sirrin, su ma suka bayyana wa juna nasu.

Marubutan da suka biyo baya sun ƙara wa lamarin nauyi ta ɗaya ɓangaren. A Identity Crisis na Brad Meltzer, 2004, aka bayyana cewa shekaru da dama baya wasu 'yan ƙungiyar sun sa Zatanna, mai sihirin ƙungiyar, ta jirkita ƙwaƙwalwar mugu Doctor Light bayan ya ci zarafin Sue Dibny, matar ɗaya daga cikinsu. Batman ya shigo ana cikin yi, ya yi ƙoƙarin hanawa, sai suka share masa minti goma daga tunaninsa. Ashe shi ma an cuce shi, kuma abokansa ne. Da ya fara tunawa, sai ya harba tauraron ɗan'adam mai suna Brother Eye don leƙen asirin duk masu ƙarfi na musamman. Tarihi ya maimaita kansa: wani mugu mai suna Maxwell Lord ya ƙwace tauraron, ya harbe jarumi Blue Beetle da ya gano shi, a 2005. Waɗannan labarai sun fito ne lokacin da Amurkawa ke ta muhawara a kan dokar Patriot ta 2001 da sauraron wayoyin mutane da sunan tsaro, kuma ana jin ƙamshin muhawarar a cikinsu.

Mu a Accra yawancinmu ta fim labarin ya iso mana, kuma a nan ne aka sassauta shi. Fim ɗin zane na Justice League: Doom na 2012 ya ɗauki ƙashin bayan Hasumiyar Babila, ya sa mugu Vandal Savage a madadin Ra's, amma ya ƙare da Batman yana tafiya da ƙafarsa ba tare da nadama ba, Superman kuma ya bi shi ya damƙa masa harsashin kiriftonait. Wannan ƙarshe ya wanke shi fiye da yadda mujallar ta yi. Batman v Superman na 2016 kuma ya nuna Batman da ya yanke hukuncin kisa a kan zato tun kafin ya san mutumin, amma abin da ya zauna a idon yara shi ne sulke da mashi. Daga nan kirarin lokacin shiri ya samu gindin zama.

Tambayar da aka daɗe ana yi ita ce ko ya tanadi wani abu a kan kansa. A fim ɗin 2012 amsarsa ita ce ƙungiyar kanta ce za ta tsayar da shi. A 2022 Chip Zdarsky da Jorge Jiménez suka ba da wata amsar a mujallar Batman, daga fitowa ta 125. Ashe bayan rikicin Hasumiyar Babila wani ɓangare na hankalin Bruce ya ƙera butum-butumi mai suna Failsafe, wanda zai farka ya hallaka shi ranar da ya kashe rai. Alfred, dattijon da ya raine shi, shi ke kashe ƙararrawar duk lokacin da ta buga bisa kuskure. Mugu Bane ya kashe Alfred a wani labarin 2019. Da wani mugun, Penguin, ya ƙulla wa Batman sharrin kisa, babu mai danna maɓallin. Na'urar ta farka, ta bi ta kan yaran da ya horar, ta kayar da Superman, ta mamaye birnin Gotham, kuma babu ko ɗaya daga cikin 'yan Justice League da aka taɓa gaya wa cewa tana nan.