“Sirrin gwamnati ne”: me Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta ce?

Da labarin yarjejeniyar Samoa, wadda Tarayyar Turai ta ƙulla da ƙasashen Afirka da Karibiyan da Pasifik, ya ɓulla a 2024, bayan Najeriya ta riga ta sa hannu, an sha muhawara a majalisun hira na Katsina a kan takardar da kusan ba wanda ya karanta. Zancen sauraren wayoyin jama'a ma haka yake, jita-jita ce ta fi yawa. Alhali tun 28 ga Mayu 2011 akwai dokar da ta ba kowa damar neman takardun gwamnati, ba tare da ya faɗi dalili ba.

Rubuta wasiƙa zuwa ga ma'aikatar da takardar take hannunta. Ambaci takardar da shekararta. Wanda ya ce “duk bayanan kan iyakar Jibiya” ya ba su hanyar zillewa. Kai kwafi biyu, a buga wa naka hatimi da kwanan wata. Wanda bai iya rubutu ba sai ya faɗa da baki, jami'i ya rubuta ya ba shi kwafi. Kuɗin kwafi kaɗai za a karɓa.

Kwana 7 gare su su amsa, da ƙarin wasu 7 idan takardun na da yawa. In sun yi shiru, doka ta ɗauka sun hana ke nan.

Dokar ba ta buɗe komai ba. Sashe na 11 ya yarda a riƙe abin da zai cutar da tsaro ko hulɗa da ƙasashen waje, na 12 ya kare binciken laifi, na 15 kuma sirrin kasuwanci. A nan cinikayyar ƙasa da ƙasa da kwangilar na'urorin leƙen asiri kan fake. To amma dole hanin ya zo a rubuce, da sashen da aka dogara da shi. Idan amfanin jama'a ya rinjayi cutarwar, sai a bayar. Idan shafi biyu ne sirri, a cire su a miƙa sauran. Tambarin “sirri” ƙarƙashin dokar sirrin gwamnati ta 1962 ma bai isa hujja ba shi kaɗai.

An hana ka? Kwana 30 gare ka ka je babbar kotu, kuma ma'aikatar ce za ta kawo hujja, ba kai ba. Hanin da bai bisa ƙa'ida tararsa naira 500,000. Inda aka fi yin asara shi ne wajen “Alhaji, dawo mako mai zuwa”, ana ta sintiri har wa'adin ya wuce. Fara ƙirga kwana 7 ɗinsu tun daga kwanan da ke jikin hatimin nan.